Theodor Engelmann: Likitan da ya sa bakteriya suka nuna launin hasken da ganye ya fi so

Masu rainon dashe a Potiskum sun san abin da ke faruwa idan aka jera ledojin tumatir ko na darbejiya a gindin mangwaro aka daɗe ba a fitar da su ba. Tsiron yakan zabura ya yi tsawo, karansa ya sirance, ganyensa ya koɗe, ranar da aka kai shi fili kuwa iska kaɗan ta isa ta kwantar da shi. Idan ka tambayi dalili za a ce maka rana ce bai samu ba. Amsar daidai ce, amma da saura. Hasken da ke ratsowa ta cikin ganyen mangwaro ya ragu, sannan launinsa ma ya canja, domin ganyen sama ya riga ya tsince launukan da yake bukata ya bar wa na ƙasa ragowa.

Mutumin da ya kawo hujja mafi gamsarwa a zamaninsa kan launin da ganye ke aiki da shi wani Bajamushe ne, Theodor Wilhelm Engelmann. Bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma kujerar da ya hau a jami'a ta koyar da ɗaliban likitanci ce. Yawancin shekarunsa sun tafi ne a kan zuciyar kwaɗo da tsokar dabbobi. Sai ga shi gwajin da ya yi a 1882, da zaren gansakuka guda da ɗigon ruwa, shi ne har gobe ake zanawa a littattafan nazarin halittu.

An haifi Engelmann ranar 14 ga Nuwamba, 1843, a Leipzig, birnin da ya zama cibiyar buga littattafai ta ƙasar Jamus. Mahaifinsa, Wilhelm Engelmann, yana da kamfanin ɗab'i da ya yi suna wajen fitar da littattafai da mujallun kimiyya, saboda haka yaron ya tashi a gidan da rubuce-rubucen masana ke shigowa tun kafin jama'a su gan su. Wansa Rudolf ya zama masanin taurari, daga baya ya koma ya riƙe kamfanin gidan. Shi kuwa Theodor madubin likita ne ya ɗauke masa hankali, wato na'urar nan da ke girmama abin da ido ba ya iya gani. Ya riƙa ɗebo ruwan kududdufi yana kallon 'yan halittun da ke iyo a ciki, kuma kafin ya cika shekara 20 ya riga ya buga nazari a kansu.

Ya shiga jami'a a Jena a 1861, sannan ya zaga Leipzig da Heidelberg da Göttingen, kamar yadda ɗaliban Jamus na lokacin suka saba bin malamai gari-gari. Zamansa a Heidelberg ya zo a kan gaɓa. 'Yan shekaru kafin zuwansa, Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff sun nuna a can cewa idan aka tarwatsa haske da gilashi mai kusurwa uku, ana iya gane sinadarin da ke ci a cikin harshen wuta ta hanyar layukan da ke bayyana a tsakanin launukan. Ɗalibin da ya zauna a garin a wannan lokaci ba zai rasa jin labarin ba. A 1867 ya kammala digirinsa na likita a Leipzig da nazari a kan tantanin nan mai garai-garai da ke gaban ido.

A shekarar ce ya tafi Utrecht ta ƙasar Holan ya zama mataimakin Franciscus Donders, babban masanin ido wanda aikinsa ya daidaita yadda likitoci ke auna wa mutane tabarau. Dangantakar ta wuce ta maigida da yaronsa, domin a 1869 Engelmann ya auri Marie, 'yar Donders. Auren bai yi tsawon kwana ba. A 1870 ta haifi tagwaye ta mutu, ta bar shi da jarirai biyu yana da shekara 26. Bai bar Utrecht ba. Ya zama farfesa a 1871, kuma lokacin da Donders ya yi ritaya a 1888 shi ya gaji kujerarsa. Shekara 30 cif ya yi a garin.

Aikin da ya fara fito da sunansa bai shafi tsirrai ba ko kaɗan. A 1869 ya yi nazarin bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, ya ga cewa motsin matsewa yana bin tsokar bututun da kansa, daga wannan zare zuwa na gaba. Daga nan ya ɗauki wannan tunani ya kai shi kan zuciya. Ya yayyanka zuciyar kwaɗo a karkace ta yadda duk wata jijiyar saƙo da ta miƙe za ta tsinke, amma bugun ya ci gaba da ratsa naman. Wannan ya sa ya tsaya, shi da Walter Gaskell na Ingila, a kan cewa bugun zuciya daga tsokarta yake tasowa. An yi shekaru ana ja da su kafin a yarda. Kalmomin da likitocin zuciya ke amfani da su yau wajen bambanta maganin da ke ƙara ƙarfin bugu da wanda ke ƙara saurinsa, shi ya ƙirƙiro su.

A 1874 ya sake aure, ya auri Emma Brandes, gwanar kaɗa fiyano da ta riga ta yi suna a Jamus. Shi kansa ya iya celo, babban gogen nan na Turawa da ake dafawa a ƙasa a tsakanin gwiwoyi. Gidansu ya zama masaukin makaɗa, kuma Johannes Brahms yakan sauka a wajensu idan ya zo Holan. Wani kiɗa na goge huɗu da Brahms ya fitar a 1876, na uku a jerin irinsa, da sunan Engelmann ya sadaukar da shi.

Gardamar launi

Kafin a fahimci darajar abin da ya yi a 1882, sai an san inda gardama ta tsaya. Tun 1771 Joseph Priestley ya lura cewa reshen na'a-na'a yana gyara iskar da kyandir ya gurɓata. A 1779 Jan Ingenhousz, wani likita ɗan Holan, ya nuna cewa koren ɓangaren tsiro kaɗai ke yin wannan gyara, kuma sai da haske. Daga baya aka gane cewa ganye yana haɗa ruwa da iskar kabon ya yi sukari, ya saki iskar oksijin, aikin da ake kira fotosintesis. A 1862 Julius Sachs ya nuna cewa sitaci yana taruwa a cikin 'yan korayen ƙwayoyin da ke cikin ganye idan rana ta taɓa su.

Abin da ya rage shi ne wane launi ke tuƙa aikin. Hasken rana da muke gani fari haɗakar launukan bakan gizo ne, daga ja zuwa shunayya, kuma kowanne da tsawon zangonsa. A 1843, shekarar da aka haifi Engelmann, John William Draper na Amurka ya yi gwaji ya ce rawaya ce ta fi. Sachs da Wilhelm Pfeffer, manyan masanan tsirrai na Jamus, sun goyi bayansa. Maganar tana da daɗin ji, tunda rawaya ce ta fi haska idon ɗan Adam, kuma mutum yana saurin ɗauka cewa abin da ya fi masa haske shi ya fi wa kowa. Kliment Timiryazev na Rasha ya ce ja ne, domin shi ne kulorofil, sinadarin da ke ba ganye korensa, ya fi sha. Can gefe kuma Nathanael Pringsheim yana cewa kulorofil ba ya aikin komai illa yi wa cikin ganye laima.

Matsalar duka ta ma'auni ce. Ana ƙirga kumfar iska da ke tasowa daga ciyawar ruwa, ko a tara iskar a auna. Idan aka matse ƙofar da haske ke bi don launukan su fito tsantsa, hasken sai ya yi rauni har kumfar ta ƙi fitowa. Idan aka buɗe ƙofar don a sami kumfa, launukan sai su cakuɗe, sakamakon ya zama na bogi.

Ma'aunin da ke iyo

Engelmann ya zo wa matsalar ta wata ƙofa da masanan tsirrai ba su duba ba, domin shi ya shekara ashirin yana kallon ƙananan halittu suna iyo. Ya san wasu bakteriya da ke yawaita a ruwan da wani abu ya ruɓe a ciki, waɗanda ba sa motsi sai da oksijin. Idan aka ɗiga su a kan gilashi aka rufe, sukan taru a bakin murfin ko kewayen kumfar iska. Idan aka liƙe gefen murfin iska ta daina shiga, sukan cinye oksijin ɗin da ke ciki su tsaya cik. A 1881 ya buga bayanin yadda za a mai da wannan hali ya zama ma'auni. A sa ƙwayar gansakuka a cikin ɗigon, a liƙe, a bar shi cikin duhu har bakteriyar su kwanta, sannan a sako haske. Duk inda oksijin ya fito, nan za su farfaɗo su yi cincirindo, kamar yadda kaji ke nuna maka inda tsaba ta zube ko da kai ba ka hango ta ba. Babu na'urar sinadarai ta wancan zamani da ke iya gano oksijin kaɗan irin wanda waɗannan halittu ke ji.

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare a ƙasar nan zai tuna da zanen Spirogyra, zaren gansakukar nan mai koren ƙyalle da ya nannaɗe a cikinsa kamar igiya. Irinta ce ke rufe kududdufai bayan damina. Engelmann ya zaɓe ta ne saboda wannan ƙyalle, wato kuloroplas, ya bar fili a tsakanin nannaɗinsa. Ya haska ɗan ɗigon haske a kan filin, bakteriya ba su kula ba. Ya matsar da shi kan koren ƙyallen, suka taru. Da wannan ya nuna cewa daga kuloroplas oksijin ke fita, maganar laima ta Pringsheim kuwa ta rasa madafa.

Sai babban gwajin. Kamfanin Carl Zeiss na Jena ya ƙera masa wata 'yar na'ura mai gilashi mai kusurwa uku da ake ɗaurawa a ƙarƙashin madubin likita, wadda ke shimfiɗa ƙaramin bakan gizo a kan abin da ake dubawa. Ya ɗauko zaren wata gansakuka mai suna Cladophora ya miƙar da shi a kan bakan, ta yadda wani yanki na zaren yana cikin ja, wani cikin rawaya, wani cikin kore, wani cikin shuɗi. Cikin 'yan mintoci bakteriyar suka raba kansu. Tarin da ya fi kauri ya tsaya a kan ja. Wani tarin, wanda bai kai na farko ba, ya tsaya a kan shuɗi. Wajen kore kuwa suka yi ƙaranci. Ga duk wanda ya leƙa madubin, taron bakteriyar da kansa ya zana jadawalin amsar, tudu biyu da kwari a tsakani, kuma siffar ta yi daidai da launukan da kulorofil ke sha.

Bai tsaya a kan kyan hoton ba, kuma a ganina nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. Ya san gilashin yana matse ja a wuri kaɗan yana baza shuɗi, don haka ja zai yi kamar ya fi ƙarfinsa na gaskiya, sai ya yi lissafin gyara wannan. Ya gwada da hasken rana ya kuma gwada da fitilar gas, wadda shuɗinta ba shi da ƙarfi. Ya kuma riƙa matsar da ƙwaya guda daga launi zuwa launi yana rage ƙofar haske har motsin bakteriya ya tsaya, don ya sami adadi maimakon dogaro da abin da ido ya ƙiyasta.

Inda ya dace da inda ya zarce

Daga koriyar gansakuka ya wuce zuwa masu wasu launuka. A teku akwai ja, akwai mai ruwan ƙasa. Ya gano cewa jar gansakuka ta fi sakin oksijin a cikin koren haske, wato launin da koriyar ta yi wa ko-in-kula. Ma'anar ita ce akwai wasu sinadaran launi ban da kulorofil da ke kamo haske su miƙa shi ga aikin. Masana da yawa ba su karɓa ba a lokacin. Sai a 1950 Francis Haxo da Lawrence Blinks suka tabbatar da ita a Amurka da na'urar lantarki mai auna oksijin, shekara 41 bayan mutuwarsa.

A 1883 ya bayyana wasu bakteriya masu launin shunayya da ke bin haske. Da ya shimfiɗa musu bakan gizo, mafi yawansu suka taru a can bayan ja, wurin da idon mutum ke ganin duhu ne kawai. Ya gane cewa suna rayuwa da hasken da mu ba ma gani, kuma ya yi daidai. Amma ya ɗauka su ma suna sakin oksijin kamar ganye, a nan kuwa ya kuskure. Hans Molisch ya nuna a 1907 cewa ba sa saki, kuma aikin Cornelis van Niel a shekarun 1930 ne ya warware yadda nasu tsarin yake.

Akwai wani wurin da ya zarce. Ruwan teku yana shanye jan haske tun daga sama, kore da shuɗi ne ke isa ƙasa. Sai ya ce wannan ne ya sa koriyar gansakuka ke zama a sama, ja kuma a can zurfi. Friedrich Oltmanns ya ja da shi, ya ce yawan haske ne ke raba musu wurin zama. Bayanin Engelmann ya fi daɗin koyarwa, shi ya sa ya daɗe a littattafai, amma binciken da aka yi a ƙarni na 20 ya nuna ana samun koriyar gansakuka a zurfi sosai, kuma gaskiyar ta fi karkata wajen Oltmanns.

Sai dai daga wannan tunani da bai tsaya da ƙafarsa ba ne aka sami abin da ya fi kusa da binciken yau. Engelmann ya yi tambaya: idan launin halitta yana da alaƙa da launin hasken da take samu, shin za ta iya canja launinta idan aka canja mata haske? A 1902, shekara guda kafin Turawan Ingila su ci Kano da Sakkwato, wani ɗan Rasha mai aiki a ɗakin bincikensa, Nikolai Gaidukov, ya rena wata halittar ruwa mai suna Oscillatoria a bayan gilasai masu launi. Wadda ta girma a koren haske ta koma ja-ja, wadda ta girma a jan haske ta koma kore mai shuɗi-shuɗi. Kowacce ta ƙera sinadarin da zai sha hasken da ke akwai. Wannan halitta tana cikin babban dangi guda da dihe, koren abin nan da matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan gefen Tafkin Chadi su shanya su sa a miya.

Daga launi zuwa ƙwayoyin gado

Engelmann bai san yadda halitta ke gane launi ba, kuma a zamaninsa ba a san da me aka yi ƙwayoyin gado ba. Amsar ta zo a hankali. A 1952, a tashar binciken noma ta Beltsville a Amurka, Harry Borthwick da Sterling Hendricks da abokan aikinsu sun gano cewa ɗan walƙiyar jan haske mai zangon nanomita 660 yana sa irin latas ya tsiro. Idan aka bi shi da wani ja mai zangon 730, wanda ke can ƙuryar abin da ido ke iya gani, sai tsirowar ta fasa. Ana iya maimaitawa sau da yawa, kuma irin yana bin launin ƙarshe da ya gani. A 1959 aka gano furotin da ke wannan aiki, aka sa masa suna fitokurom. Makunni ne mai fuska biyu, ja ya kunna shi, jan ƙurya ya kashe. A 1993 Margaret Ahmad da Anthony Cashmore suka gano wani na daban mai jin shuɗi.

Idan fitokurom ya kunnu, yakan shiga cibiyar ƙwayar tsiro inda kundin gado yake, ya sa a fara karanta wasu shafuka a rufe wasu. Cikin waɗanda ake buɗewa akwai umarnin ƙera furotin ɗin da ke riƙe kulorofil, da wani sashe na rubisko, wanda ke kamo iskar kabon. Shi ya sa ciyawar da tabarma ko bulo ya danne take fitowa fara-fara, doguwa, kuma kwana biyu bayan an ɗage ta koma kore. Kayan aikin fotosintesis suna da tsada ga tsiro, ba ya ƙera su sai haske ya ba shi labarin cewa ya fito fili. Abin da Gaidukov ya gani ma ya sami bayani a 1996, lokacin da David Kehoe da Arthur Grossman suka gano, a cikin wata 'yar uwar Oscillatoria, furotin mai kama da fitokurom wanda ke kunna ƙwayoyin gadon jan sinadari a koren haske, ya kunna na shuɗin sinadari a jan haske.

Wannan shi ne bayanin dashen da ke gindin mangwaro. A fili, ja ya ɗan fi jan ƙurya yawa a hasken rana. Ganye yana shanye ja ya bar jan ƙurya ya wuce, don haka a ƙarƙashin bishiya mai duhu jan ƙurya yana ninka ja sau da dama. Tsiron yana karanta wannan a matsayin alamar cewa wani ya rufe shi, sai ya zuba ƙarfinsa a tsawon kara don ya tsere, saiwa da kaurin jiki su biya kuɗin. Carlos Ballaré na Ajantina ya nuna a ƙarshen shekarun 1980 cewa ba sai inuwar ta sauka ba: jan ƙuryar da ke dawowa daga ganyen maƙwabci ya isa ya sa tsiro ya fara miƙewa. Manomin da ke cire gero bayan tsiro ya bar ƙwara biyu ko uku a rami yana rage gasar ruwa da taki, yana kuma gyara launin hasken da saura ke gani. Waken da ake shukawa a tsakanin kunyoyin gero da dawa a gonakin Potiskum da Nangere da Fika yana rayuwa ne a cikin wannan tataccen haske har sai an girbe geron, sannan ya sami sarari ya yi yaɗo. Gawo kuwa, da yake kaɗe ganyensa da damina, yana barin amfanin da ke gindinsa ya sami hasken da ba a tace ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa manomi ba ya sare shi.

Da wannan makunni ne kuma tsiro ke auna tsawon dare. A Potiskum bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, amma dawar gargajiya da maiwa suna jin sa. Binciken D. L. Curtis a Samaru, wanda aka buga a 1968, ya nuna cewa dawar kowane yanki a Najeriya tana fitar da kai ne daidai lokacin da ruwan yankin ke shirin ɗaukewa, ko an shuka ta da wuri ko an makara. A 1997 aka tabbatar cewa ɗaya daga ƙwayoyin gadon da ke tsara lokacin nunar dawa na fitokurom ne. Jami'in da ke sa hannu a kan sayen iri don rabawa a jihohi yana da ruwa da wannan magana. Dawar da ta dace da kudancin Kaduna, idan aka kai ta Yobe, za ta tsaya jiran tsawon daren da ta gada alhali ƙasa ta riga ta bushe.

Akwai kuma gyara ga hoton Engelmann da ya kamata masu sayen kayan noman zamani su sani. Zaren gansakuka siriri ne, koren haske yana ratsa shi ya wuce. Ganye yana da kauri, hasken yana kai da komo a cikinsa har a sha mafi yawansa. Keith McCree ya auna amfanin gona iri 22 ya buga a 1972, ya ga cewa ja ne kan gaba, amma kore ma yana aiki sosai, kuma shi ke isa ga ganyen ƙasa. Fitilun nan masu haɗa ja da shuɗi da ake tallatawa don noman cikin ɗaki suna da amfani inda rana ta yi ƙaranci, kamar tashar sararin samaniya inda 'yan sama jannati suka ci latas ɗin da suka noma a 2015. A Yobe rana ba ta yanke wa kowa. Kuɗin da za a kashe a kan fitila, a ra'ayina, ya fi amfani idan aka sa shi a ragar inuwa mai kyau da tazarar shuka da wurin da ake kafa gandun rainon dashe, musamman a jihar da ke cikin shirin dasa bishiyoyi don tare hamada.

Shekarun Berlin

Emil du Bois-Reymond, wanda ya riƙe babbar kujerar nazarin aikin gaɓoɓin jiki a Jami'ar Berlin, ya mutu a ƙarshen 1896. A 1897 aka kira Engelmann ya gaje shi, yana da shekara 53. Babu muƙamin da ya fi wannan a fanninsa a Jamus, kuma ya zo da nauyin gudanar da babbar cibiya, da jarrabawar ɗalibai masu yawa, da shirya mujallar fannin. Manyan bincikensa na kansa duk a Utrecht ya yi su, lokacin da yake da madubi da taga mai rana da sararin zama ya kalli ɗigon ruwa. Ma'aikacin da aka ɗaga daga teburin aiki aka kai shi ofishin darakta zai gane yadda abin yake. Shekarar da ya koma Berlin ita ce kuma shekarar da abokinsa Brahms ya mutu a Vienna.

Lafiyarsa ta yi rauni a shekarunsa na ƙarshe. Ya mutu a Berlin ranar 20 ga Mayu, 1909, yana da shekara 65, Max Rubner ya gaji kujerarsa. Wasiƙun da suka yi musaya da Brahms an tattara su an buga a littafi a 1918, tare da gabatarwar makaɗin nan Julius Röntgen.